Tafin da Tasalla Ta Taka

Tun da aka fito da robar nan mai haddace hanya, mutanen Kano suka daina tambayar kwatance. Ka sa takalminka, ka faɗa masa inda za ka, ya kai ka.

Tasalla ba ta daɗe da fara koyon zuba tafin takalmi a wata cibiya a Dakata ba. Kullum Malam Barau yana nanata wa ɗalibai cewa kada kowa ya taka tafi kafin ya huce, don hanyar ƙafar farko yake riƙewa. Ita kuwa a gidan dukawa ta tashi, inda ba a yarda da tafi sai dunduniya ta gwada shi. Ran nan ta ciro guda daga mazubi da ɗuminsa, ta ɗan danna shi da dunduniyarta, ta jefa kwando.

Yau da la'asar ta tarar da wani tsoho a ƙofar gidansu, yana haki.

"Baba, lafiya? Wa ake nema?"

"Ni ma ban sani ba, 'yar nan. Asibiti na ce wa takalmin nan. Na juya, ya sake dawo da ni."

Ta kalli sabon takalminsa, ta gane tafin da ta taka ne.

"Ku cire shi, Baba, ga silifa. Asibitin ai ba nisa."

Ya cire, ya tsaya yana waige-waige.

"To, ta ina ake bi?"

Tasalla ta ɗaga hannu za ta nuna. Ta duba gabas, ta duba yamma. A asibitin nan aka haife ta, amma ita ma ba ta san hanyar ba. Hannun na sama, ta sunkuya tana kallon ƙafarta.