Gwanin Fadar Bakin Kasuwa

Dodon ya sake kashe Garba, faɗuwarsa kuma ta ja sauran 'yan ƙungiya suka faɗi tare da shi.

Wasan waya ne. Mutum huɗu ke haɗuwa ta intanet su yaƙi wani ƙaton dodo. Samarin fadar bakin kasuwar Filinge, wato majalisarsu ta hira da shan shayi, sun riƙe shi fiye da yadda suka riƙe gonakin iyayensu. Garba tela ne, sabon shiga wasan. Bai san lokacin gudu ba, bai san lokacin sara ba. Ran Asabar za a kara da 'yan garin Damana, in bai iya ba kafin nan, cire shi za a yi.

Shugabansu Ibrah ne, mai sayar da kayan babur. Daga nan har Tabla babu wanda ya kai shi cin dodon. Ba ya yin wasan a fada, wai rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi ƙarfi a ɗakinsa. In ana yaƙi ba ya kunna murya, wai gwani ba ya surutu. Sai dai bayan la'asar ya fito ya zauna a tsakiyar tabarma, a yabe shi.

Ran nan Hamani mai dafa shayi ya ce, "Ibrah, ka hwaɗa mishi yadda abin ga yake. In shina mutuwa, mu duka muka asara."

"Mi zan hwaɗi? Ni wa ya koya min? Ko matata Dijatu ba ta isa ta yi min magana ba in ina fama da dodon nan, balle tela."

Garba ya ce, "Yaya Ibrah, abu guda nika tambaya. In ƙasa ta yi ja, ina ake tsayawa?"

"Gaban kekenka na ɗinki."

Aka yi dariya. Rabin masu dariyar su ma ba su sani ba, bin bayan Ibrah kawai suke yi a cikin wasan. Ibrah ya karɓi kofin farko, ya ce ba sai an jira Asabar ba, yau zai cire Garba da zarar ya koma gida ya ɗauko wayarsa daga caji.

Garba ya sunkuyar da kai. Wayarsa ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga cikin wasan, da sunan Ibrah. Ya dubi Ibrah, wanda babu komai a hannunsa sai kofi, ya danna. Muryar mace ce ta fito.

"Garba, in ƙasa ta yi ja ka ruga bayan dutse. In dodon ya durƙusa, sare shi ta baya. Ba mai cire ka. Ka daina tambayar maigidana, kana wahalshe shi a banza, shi ko buɗe wasan bai iya ba."