Dillalin da Ya Bi Bayan Shanu

Malam Ɗayyabu, tun safe nake ganin kana hararar kwamfutar nan kamar ta ɗauke maka wani abu. Ka ce da can in ka ba ta siffar kalmar da kake nema cikin tulin rubutu, sai ka sha shayi ka dawo ba ta gama ba. Yanzu an koya mata, in ta harhaɗa siffar, ta tsaya ta nazarce ta kafin ta taɓa rubutun, sai ga amsa kafin ka ɗaga kofi. Kai kuma ka ce ruwa ba ya tsami banza, lalle akwai abin da take tsallakewa. Tana tsallakewa mana! Gyara zama ka ji misali.

Wani manomi ne aka kwance wa san huɗa ana gab da faɗuwar damina. Shi kaɗai gare shi, da na maƙwabci suke haɗawa a karkiya, in babu shi bana sai fartanya, ga shi ƙarfi ya fara ja da baya. Aka ce ya yi sammako ya tafi kara, inda ake cinikin shanu, ran kasuwa, don da la'asar ake loda shanu a tirela zuwa Kudu, wanda ya hau kuwa sai dai labari. A can ya sami 'yan'uwansa biyu mazauna garin, aka kuma haɗa shi da wani dillali. Ya zayyana musu siffa: fari ne, ƙahoninsa a buɗe, da kantar karkiya a wuya, da baƙin tabo ƙarƙashin idon hagu, wutsiyarsa kuma guntuwa ce tun yana maraƙi. 'Yan'uwan suka zabura suka shiga garke suna bin siffar kamar yadda ta fito daga bakinsa. Kara kuwa cike take da farare, kowane fari sai ya tsai da su. Su duba ƙaho, su shafa wuya, su juya fuska, sai can a ƙarshe wutsiya ta ce musu ba shi ba ne.

Dillali bai motsa daga kan benci ba. Ya sa aka maimaita masa siffar, yana saurare yana sakace, sannan ya ce, "Baba, fari ba shaida ba ce a nan. Kanta sai an shafa, tabo sai an juya fuska. Wutsiyar dai ita ce ba kowa ke da irinta ba, daga nesa ma ana ganinta." Tun daga wannan zama zuciyar manomin ta ƙi shi. Ana ƙonewa mutum yana sakace? Da dillalin ya tashi ma, maimakon ya shiga ta gaba kamar kowa, sai ya zagaya ta bayan shanu yana tafiya kamar wanda ake jira a gida, garke guda kallo ɗaya ya wuce. Maruƙa da shanun tatsa ko waiwaye bai yi musu ba. Manomin ya daina neman sansa, ya koma bin dillali da ido. Ya ga ya gaisa da wani mahauci sun yi dariya, ya ce a ransa ga abokin cin mushen nan. Can aka ci karo da wani fari mai guntuwar wutsiya, manomin ya ruga zai kama igiya, dillali ya tare shi, ya shafa wuya bai ji kanta ba, ya ce su tafi. To, a nan zato ya zama yaƙini a wajensa: ɓarawo ne ke yawo da hankalinsa har motoci su tashi. Ya sulale ya raɗa wa 'yan sintirin kasuwa cewa ga wanda za su kama.

Sai da suka ratsa kara har ƙarshe suka iske dillalin, gindin tirela, ana tura wani fari kan katakon hawa, shi kuma ya riƙe igiyar da hannu biyu yana kiran sarkin kara. Gaban jama'a ya bi siffar ɗaya bayan ɗaya, bai bar ko guda ba: ƙaho, kanta, tabo. Da san ya ji muryar mai shi, sai ya juyo ya yi kuka. 'Yan'uwan kuwa suna can bakin kara suna juya fuskokin shanun mutane. Shugaban 'yan sintiri ya ɗaga sanda ya ce, "Ina ɓarawon da ka ce?" Dillali ya waiwayo, gumi na zuba masa. Kunya ta kama manomin har ya rasa inda zai sa idonsa, ya tsaya da igiyar sansa a hannu.

To haka na'urarka take, Malam. Takan fara zare haruffan da dole sai da su a siffar, ta bi rubutu tana neman su kaɗai, inda ta gan su ta tsaya ta bi siffar kaf. Abin da ta tsallake, ko ta tsaya a kansa ba naka ba ne. Masu iya magana sun riga mu faɗa: sanin wurin bugu shi ne ƙira.