Shayin Mama da Sukari

"Yaya, ga gidan mai nan babu layi," in ji ƙaninsa.

Ko kallon wurin bai yi ba. Ya wuce shi, ya wuce na gaba, sai da ya kai wanda Mama ta fi so, mai ɗan kanti a gefe. Duk ranar asibiti nan suke tsayawa, mota ta sha mai, Mama ta sha shayi, su yi ta faɗa a kan sukari. Kullum shi ke cin nasara.

Ya bar ƙanin wajen famfo, ya shiga kantin.

"Na Mama ko? Ban da sukari," in ji mai kantin tana murmushi.

"Zuba cokali uku."

Ta tsaya da cokali a hannu. "Kai da kake hana ta? Ashe likita ya sassauta. Alhamdu lillahi."

"Ya ce yanzu ba abin da zai ƙara cutar da ita."

Ya fito da kofin yana tiriri, ya buɗe ƙofar baya ta motar a hankali. Ya ajiye shi kusa da kan Mama, ya gyara farin mayafin da aka rufe mata fuska da shi.

"Ga shi, Mama. Yadda kike so."