Magini da Ɗan Damben Gari

Kai mai gidana, ajiye wayar nan ka saurare ni. Tun safe kake rubuta wa mutane yadda mawaƙin nan yake kwana da wanda yake kwana da shi, kamar kai kake yi musu shimfiɗa. Ni ban shiga aji ba, amma na san wani magini.

Aikinsa yaɓen soro kafin damina. Ka'idar sana'ar ita ce kafin ka taka tsani sai ka ɗaga murya ka ce a kintsa za a hau, in ka hau kuma idonka a kan laka. Wata rana aka kira shi gidan ɗan damben garin, wanda ko yaron goye ya san kirarinsa. Ya hau bai yi sanarwa ba. Sai ya hango gwanin a tsakar gida da ɗaurin ƙirji, ido ya sha kwalli, yana tankaɗe, matarsa na miƙe a tabarma tana yi masa dariya. Iyakar abin da ya gani ke nan, sauran da bakinsa ya gina. Kafin la'asar yana gaban mai tsire yana rantsuwa cewa gwanin ba namiji ba ne, shi ya san abin da ake yi a ɗakin da abin da ba a yi. Aka yi ta shewa, aka cika shi da nama, har masu rawani suna matsowa a sake musu daga farko. Gaskiya ce ko ƙarya, ban sani ba, kuma sanin bai taɓa ƙara wa kowa gishiri a miya ba.

Gwanin bai ko ɗaga masa hannu ba, ranar kasuwa ya shiga fage ya kayar da mutum kamar kullum. Amma da hadari ya fara haɗuwa, ba wanda ya kira magini. Kowa ya koma gida ya ɗaga kai ya dubi soronsa, ya tuna abin da ake hangowa daga can. Mai tsiren da ya fi kowa dariya shi ya fara cewa, "Gara ruwa ya zubo mini a gado." Magini ya bi gida gida yana cewa ƙarya ya yi, aka ce to ga tsegumi ga ƙarya. Matarsa ma in za ta yi wanka sai ta aike shi kasuwa. Ƙarshe haƙar masai ya koma, inda duk iya leƙensa ƙasa kawai zai gani.

Kai da kake ɗinki, mutane na tsayawa gabanka kana auna su, ka yi tunani. Masu danna maka alamar yabo a wayar nan suna lissafin ranar da za ka ba da labarinsu. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya.