Mutumin da ya cinye irinsa

Maigida, ajiye wuƙar nan ka zauna. Wai kajina za ka yanka, don a kwanci ɗaya tak ka ga na maƙwabta sun fi su ƙyanƙyasa? To buɗe kunnenka.

An yi wani manomi mai irin wake na gado, jan wake, wanda uwarsa ta karɓa daga hannun tata uwar. Kowace kaka sai a gauraya shi da toka, a zuba a tulu, a liƙe bakin da laka. Wata shekara ya je kasuwa ya ga wani farin wake manya-manya yana sheƙi, ya sayo buhu guda. Da lokacin shuka ya zo, ya ce bari ya gwada. Ya tsinci ƙwaya goma a bakin buhu, goma a tulu, ya naɗe kowanne a jiƙaƙƙen tsumma. Na buhu tara suka tsiro, na tulu bakwai. Shi ke nan fa, mutumin nan ya yanke hukunci a kan ƙwaya biyu. Tsakani da Allah, tulun nan ɗaya, in ka sake ɗiban goma ba sai ka ga tara ba, ka kuma ɗiba ka ga shida? Matarsa ta ce, "Malam, a ƙara gwadawa mana, a zura hannu har ƙasan buhu." Ya ce idonsa ya riga ya gani, me ya rage. Ya sa aka buɗe tulu, aka surfa jan waken nan aka yi ƙosai da alala, har maƙwabta aka miƙa wa. Iri fa, ɗan nan. Irin shuka suka kai baki suna santi.

Ya shuke gona kaf da farin wake. Da mako ya zagayo ya je ya tsaya bakin gona. Gona kamar bakin tsoho, haƙori nan, giɓi can. Ya tona rami, ƙwaya ta ruɓe. Ya tona na gaba, haka. Ashe mai rai a bakin buhu kawai aka zuba, na ciki tsohon wake ne da ya shekara biyu yana shan zafi a shago. Ya ruga gida ya kife tulu, toka kaɗai ta zubo. Ya bi gida-gida yana tambaya, ba mai irin jan waken nan ko cikin cokali. Ruwa kuma ba ya jiran kowa. Dabbobi suka rasa harawa, yara suka rasa wake, abin da ya ratsa hannun uwa da kaka ya ƙare a kaskon suya.

Da ya cika tafi daga sama da tsaka da ƙasa, ya gwada ya kuma gwadawa, da ya san bambanci na gaske da na sa'a. Magabata ba su yi ƙarya ba da suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.