Dariya a Ƙasan Rijiyar Kamarawa

Dariya Kubura ta ji tana tasowa daga ƙasan rijiyar, sai gabanta ya faɗi.

Mijinta Na'Allah ne a ciki. Shekara uku ke nan ana fari a Kamarawa. Tsohuwar rijiya ta ƙafe, iskar ƙasanta ko fitila kashe ta take yi. Shi ya ce zai shiga ya ƙara haƙawa, da na'urar numfashin da ya yi aikin nutso da ita a Legas. Na'urar tana mayar wa mutum numfashinsa bayan wata farar hoda ta tsotse gurɓatacciyar iskar. Hodar kuwa ta shekara biyu a ɗaki.

"In hodag ga ta mutu, hankalina za shi gushewa," ya ce mata da safe. "Kin ji ina shirme, ku jawo ni."

Ga shi yanzu yana ƙyaƙyatawa, har da waƙa.

"Malam Bawa, ku ja igiya," ta ce wa maƙwabcinsu. "Hodar ta lalace."

Maza shida suka ja. Ya fito yana wutsil-wutsil, yana dariya cikin abin rufe fuska. Suka danne shi, suka cire masa abin, wani yana masa fifita. Kubura ta buɗe gwangwanin hodar. Lalatacciya launin makuba take komawa. Wannan fara ce fat.

"To mi ya same ka?" ta tambaye shi.

Na'Allah ya tuɓe takalmin roba, ya kifar. Ruwa mai sanyi ya zubo kan ƙafafunta.

"Ku maida ni," ya ce, yana share hawayen dariya. "Ban ƙare ba."