Ƙararrawar Malam

Ranar Talata, sha huɗu ga wata, ana dab da abincin rana, aka zalunci Malam. Ya riƙe ranar daram, don shi mutum ne da bai taɓa fara darasi ba sai ya rubuta kwanan wata a kan allo.

'Ya'yansu ne suka shirya tafiyar. Auren iyayensu ya cika shekara arba'in, suka ce lallai su je birni su huta a otal ɗin da ya amsa sunansa. Malam ya so ya zaɓa da kansa, amma uwargida, wadda ko a kan launin labule ba ta taɓa ja da shi ba, ta ce wannan karon a bar mata. Ta yi kwanaki tana shiga ɗaki da waya tana turo ƙofa. Autarsu ta nuna mata wani otal mai ɗakin cin abinci a can ƙololuwa, yana juyawa a hankali, uwargida ta ce jiri zai ɗebe ta. Aka nuna mata mai wurin tausa, ta ce ita ba ta gaji ba. Daga ƙarshe ta tsaya a kan wani mai gilasai tun daga ƙasa har sama, an gina shi a bakin tafki, barandar ɗakunansa ta leƙo kan ruwa.

"Mama, ke da ko gada ba kya son hawa?" in ji auta.

"Tsufa ne, yana zuwa da sabuwar sha'awa."

Malam sharaɗi ɗaya ya kafa: ƙararrawarsa za ta bi shi. Ta tagulla ce mai mariƙin katako, wadda ya yi shekara da shekaru yana kaɗawa a makaranta, aka bar masa ita kyauta ranar da ya yi ritaya. Tun daga ranar gidansa ya koma firamare. Da ita ake tashi da asuba, da ita ake kawo shayi, da ita ake sanar da jama'a cewa ya gama karanta jarida. Ta sha ɓata a gida. Ya tsince ta a bayan firji, ya tono ta a buhun shinkafa, kuma kullum jikoki ne ke shan faɗa. Wannan karon uwargida da hannunta ta sa masa ita a akwati.

Otal ya yi kyau, ko Malam bai musa ba. Daɓen yana sheƙi har mutum na ganin fuskarsa, mai buɗe ƙofa sanye da farar safar hannu, gado kuwa in ka zauna sai ya haɗiye ka. Malam ya shafa yatsa a saman madubi bai sami ƙura ba, ya ba su bakwai cikin goma. Da safe shayi ya ɗan yi jinkiri, sai ya ɗaga ƙararrawa ya kaɗa. Wani baƙo ya zabura da kofi a hannu yana neman hanyar gudun gobara. Uwargida ta sunkuyar da kai tana shafa wa burodi bota a gefen da ta riga ta shafa.

Sai ranar Talata. Ya ajiye ƙararrawa a kan teburin gefen gado ya shiga wanka. Yana cikin kokawa da famfon da ya fi rediyo yawan maɓallai, ya ji wani abu ya ce tsulum daga waje.

"Mene ne wancan?"

"Kifi ne, Malam. Manya ne a tafkin nan."

Ya miƙa hannu zai ɗauki babban tawul, babu shi, dole da ƙaramin na goge fuska ya lallaɓa. Da ya fito, teburi wayam. Uwargida tana baranda tana shan iska, ta ce ita hankalinta na kan ruwa, ko mutum goma ne suka shigo ba za ta ji ba.

Malam bai sha wahalar gane masu laifi ba. Otal ɗin da ake rage wa baƙo tawul, me zai hana a rage masa ƙararrawa? Washegari ya farka da asuba, hannunsa ya laluba teburi, ya dawo haka nan. Uwargida kuwa ta yi ta barci har hantsi ya dubi tsakar ɗaki. Baiwar Allah, ya ce a ransa, baƙin ciki ne ya kwantar da ita.

Ya sa mafi kyawun tufafinsa, ya sauka zauren karɓar baƙi, uwargida na biye. Tunda ba ƙararrawa, tafi ya yi. Manaja ya taho da sauri.

"Samari, ɗaliban da na koyar sun fi baƙin da suka taɓa kwana a gidan nan yawa, ko alli ba wanda ya taɓa ɗaukar mini. Na zo nan kwana biyu an yashe ni. A jero mini ma'aikata, kowa ya buɗe jakarsa."

"Baba, a yi haƙuri, mu shiga ofis. Za mu saya maka sabuwa, wadda ma ta fi waccan ƙara."

Uwargida ta yi wuf ta shiga tsakani.

"A'a, ɗana, kar ku wahalar da kanku. Waccan ba ta da madadi."

Zuciyar Malam ta yi sanyi. Shekara arba'in, ga mace da ta san darajar abu.

"Kun ji ko? Ba na shiga ofis, ba na son sabuwa. A bainar jama'a za ku ba ni haƙuri, a nan, da babbar murya, yadda na bayan can zai ji."

A daidai lokacin ne matar da ke amsa waya a teburin karɓar baƙi ta ɗago kai, ta dubi uwargida, fuskarta ta cika da fara'a.

"Af, ai na gane muryar nan. Sannu da zuwa, Mama. Ke ce kika yi ta bugo mana kina tambaya ko ruwan ƙarƙashin baranda yana da zurfin da in abu ya faɗa ba a iya ciro shi."